Mahaifina Ya Bar Giya, Amma Mantuwa Ba Ta Bar Shi Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 58, kuma ya shafe fiye da shekara ashirin yana shan giya, abin da muka daɗe muna rufewa a cikin gida. Wata huɗu da suka wuce ya rikice, ya kasa tafiya sai da tangaɗi, idanunsa suna rawa, aka kwantar da shi a asibiti aka yi ta yi masa allurai har ya dawo hayyacinsa. Tun daga lokacin bai sake kai giya bakinsa ba. Sai dai wanda ya dawo mana gida ba shi ne mutumin da muka sani ba. Za a gaya masa magana yanzu, kafin a juya baya ya manta, wani lokaci kuma ya ba da labarin cewa jiya ya je wurin aiki ya gana da abokansa, alhali ko ƙofar gida bai taka ba. Yini yake yi a zaune, ba ya wanka sai an matsa masa. Amma labarin ƙuruciyarsa yana nan daram, kuma kwanan baya da aka ajiye masa wani rediyo da ya lalace, ya kwance shi ya gyara, domin sana'arsa ke nan a da. Wannan ya sa yayyena suke cewa yana sane, ƙarya ce da lalaci kawai. Likita ya ce giya ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kuma tura mu sashen da ake kira okupeshonal terapi, wai za a yi masa jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Wace irin jinya ce wannan, ba magani ba allura? Akwai fatan ya dawo daidai, ko kuwa ɓata lokaci ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Likitan da ya duba shi ne yake da hurumin faɗin sunan cutar, amma abin da kika zayyana ya yi daidai da wata lalura da aka daɗe da sani, kuma ba ɓata lokaci ba ne zuwa inda aka tura ku.

Giya tana yi wa ƙwaƙwalwa illa kai tsaye, tana kuma yi mata ta bayan fage, ta hanyar lalacewar hanta da yawan faɗuwa ana buga kai. Amma babbar illar da ta shafi irin halin Baba tana zuwa ne daga rashin bitamin B1, wanda ake kira tayamin. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa iya mayar da sukari ya zama kuzari sai da shi, jiki ba ya iya haɗa shi da kansa, kuma abin da yake ajiyewa ba ya wuce na 'yan makonni. Mai shan giya kuwa yawanci ba ya cin abincin kirki, ɗan abin da ya ci hanjinsa ba ya tsotse bitamin ɗin yadda ya kamata, hantarsa kuma ba ta iya riƙe shi. Idan ya ƙare, wasu ƙananan wurare da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda sabon abu yake bi ta cikinsu kafin a adana shi, su ne suke fara lalacewa. Ruɗewa da tangaɗi da rawar ido da suka kai Baba asibiti su ne alamomin da wani likitan Jamus, Carl Wernicke, ya bayyana a 1881, mantuwar da ta biyo baya kuma wani likitan Rasha, Sergei Korsakoff, ya bayyana ta a 1887, shi ya sa ake haɗa sunayensu a kan cutar. Da alama allurorin da aka yi masa na tayamin ne.

Ina so ki karanta wa yayyenki abin da ke tafe. A 1911 wani likita a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, Édouard Claparède, ya rubuta labarin wata mata mai wannan cuta, wadda kullum sai ya sake gaya mata ko shi wane ne, domin ba ta tuna ta taɓa ganinsa. Wata rana ya ɓoye ƙaramar allura tsakanin yatsunsa, ya miƙa mata hannu suka gaisa, allurar ta soke ta. Ba a daɗe ba ta manta da abin da ya faru kwata-kwata, amma da ya sake miƙa mata hannu sai ta janye nata, kuma da aka matsa mata da tambaya sai ta ce ai wani lokaci mutane sukan ɓoye allura a hannu. Ba a yarda likita ya yi irin wannan gwaji a yau ba, amma ya nuna abin da bincike ya tabbatar daga baya, cewa tunawa ba iri ɗaya ba ce. Akwai tunawa da abin da ya faru, wane ya zo, me aka ce, yaushe aka yi, kuma ita ce cutar take rushewa. Akwai kuma abin da jiki ya saba da shi ta hanyar maimaici, wanda yake bin wasu hanyoyi dabam a ƙwaƙwalwa, kuma yawanci yana tsira. Hannun da ya gyara rediyo da bakin da ya manta an yi baƙi da safe duk na mutum ɗaya ne, kuma babu ɗayansu da yake yaudara. Labaran da yake bayarwa na zuwa wurin aiki su ma ba ƙarya ba ne irin wadda ake shiryawa, domin shi kansa ya gaskata su. Tsofaffin abubuwan da suka taɓa faruwa ne suke cakuɗewa da yau, sai ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da ta samu da su. Zaman da yake yini yana yi kuwa, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake tayar da mutum ya fara aiki ya kuma tsara masa matakansa, yana cikin wuraren da giya ta fi raunanawa.

A kan maganar fata, nan ne wannan mantuwa ta bambanta da cutar Alzheimer, wato cutar mantuwa da aka fi gani ga tsofaffi, wadda take ci gaba da taɓarɓarewa ko me aka yi. Wadda giya ta jawo tana iya tsayawa inda take idan an daina sha gaba ɗaya kuma ana samun tayamin da abinci mai gina jiki, sau da yawa ma takan yi sauƙi. Ƙiyasin da likitoci suka fi ambata shi ne, cikin kowane mutum huɗu, ɗaya yakan warke kusan sarai, ɗaya ya sami sauƙi mai yawa, ɗaya ya sami kaɗan, ɗaya kuma ya tsaya yadda yake. Ba a iya sanin rukunin da mutum zai faɗa tun da wuri, kuma sauƙin yana iya ci gaba da zuwa har tsawon shekara biyu ko fiye. Wata huɗu bai isa a yanke ƙauna ba. Ba zan yi miki alkawarin cewa Baba zai koma kamar da ba, domin ikon riƙe sabon abu shi ne yake fin wuyar dawowa, amma tsakanin mutumin da ake yi wa komai da wanda yake wanka, ya sa tufafinsa, ya sha maganinsa, ya yi ɗan aikin hannu, akwai tazara mai yawa, kuma wannan tazarar ce sashen da aka tura ku yake aiki a kanta.

Aikinsu dabam ne da na masu gashin ƙashi, waɗanda suka fi mayar da hankali ga ƙarfin gaɓoɓi da tafiya, ko da yake sukan yi aiki tare. Fanni ne da ya daɗe, domin an kafa ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, ta duniya kuma a 1952. Abin da ƙwararren zai fara yi shi ne kallo. Gwajin tambayoyi a kan takarda ba ya nuna komai da komai, musamman ga masu wannan cuta, waɗanda sukan yi hira tiryan-tiryan har baƙo ya rantse lafiyarsu lau. Saboda haka zai sa Baba ya yi wani aiki na gaske a gabansa, kamar ya dafa ruwan zafi ya haɗa abin sha, ya tsaya yana lura: shin ya fara da kansa ko sai an ce masa fara, ya tattaro kayan da ake buƙata, ya tsallake wani mataki, ya kashe wuta bayan ya gama, kuma idan an katse shi da magana ya san inda ya tsaya? Daga nan ne ake gane ko matsalar mantuwa ce, ko rashin iya tsarawa, ko rawar hannu, domin kowace da yadda ake tunkararta. Zai kuma tambayi Baba da ku abin da ya fi muhimmanci a gare shi, a zaɓi aiki ɗaya ko biyu a fara da su.

Hanyar koyarwar da aka fi amfani da ita ta saɓa wa yadda muka saba koyar da mutane. Mai lafiya yana koyo daga kuskurensa ne saboda yana tuna cewa jiya ya yi kaza bai yi kyau ba. Wanda ba ya tuna jiya ba shi da wannan gatan, jikinsa yana riƙe duk abin da ya maimaita, daidai ne ko kuskure, kamar yadda sawu yake fitar da turba a cikin ciyawa ko da hanyar ba ta ɓulle ba. A 1994 wasu masana biyu a Birtaniya, Alan Baddeley da Barbara Wilson, suka nuna cewa masu tsananin mantuwa sun fi koyo idan an hana su yin kuskure tun farko, maimakon a bar su su yi ta cinka. A ce ana so Baba ya riƙa shan maganinsa na safe da kansa. Za a samo akwatin magani mai gida bakwai da sunayen ranaku, a ajiye shi wuri ɗaya a ƙarƙashin kalanda, a raba aikin zuwa ƙananan matakai. Da farko ƙwararren ne zai faɗi kowane mataki kafin Baba ya motsa: "Baba, yau Talata, ga ta nan a kalanda. Ɗauki akwati. Buɗe gidan Talata, ga shi nan." Idan yatsansa ya nufi gidan Laraba, za a tare shi a hankali kafin ya buɗe, ba tare da an ce masa ya yi kuskure ba, a mayar da yatsan inda ya dace. Ba za a tambaye shi wane gida zai buɗe ba matuƙar an san cinka zai yi. Ya haɗiye maganin da ruwa, ya sa alama a littafi, ya mayar da akwati mazauninsa. Gobe a maimaita a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya. Idan hannu ya fara kamawa sai a riƙa janye taimakon kaɗan-kaɗan, daga faɗa da baki zuwa nuni da yatsa, daga nuni zuwa tsayawa a gefe kawai, kuma da zarar ya yi tuntuɓe a koma matakin baya.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ranar da zai yi aikin daga farko har ƙarshe ba tare da taimako ba, idan kika tambaye shi wa ya koya masa, zai iya ce miki ai shi tun da haka yake yi. Wannan ba komai ba ne. Abin da za ki kiyaye shi ne, abin da aka koya ta wannan hanya ba ya saurin bin mutum zuwa wani wuri, wanda ya ƙware a ɗakin asibiti yana iya rasa ta inda zai fara a gida, kuma sauya akwatin ko matsar da kalandar yana iya mayar da hannun agogo baya. Saboda haka ki roƙi ƙwararren ya zo gida idan da hali, idan babu kuma ki zauna a zaman koyarwar, ki rubuta matakan da kalmominsu, duk wanda yake kula da Baba ya bi su sak. Ko bayan ya iya, wani ne zai riƙa cika akwatin yana kuma duba shi, domin mai mantuwa yana iya shan magani sau biyu. Ya kamata in faɗa miki cewa binciken da aka yi a kan wannan hanya ga masu cutar Korsakoff yawancinsa a kan mutane ƙalilan ne, da dama daga cikinsa a ƙasar Holan, inda ake da gidajen jinya na musamman domin su. Hanyar ba ta gyara abin da ya lalace, tana zagaye shi ne, amma a ganina ta fi duk abin da iyali sukan yi da ka.

Haka ake koyar da amfani da littafin tunatarwa, da allon da ake rubuta tsarin yini, da ƙararrawar wayar hannu. Sayen littafin ba shi ne aikin ba, gidaje da yawa suna da shi a ajiye ba a buɗewa. Aikin shi ne a mayar da duba shi ɗabi'a, ta yadda duk lokacin da Baba ya tambayi ko wane ya zo, za a ce masa "mu duba littafi", a buɗe tare, har ya zamana hannunsa yana kaiwa gare shi kafin bakinsa ya yi tambaya. Matsalar wanka kuma sau da yawa ba ta buƙatar gardama. Maimakon a tambaye shi ko zai yi wanka, wanda amsarsa a'a ce ko "na riga na yi", sai a kai ruwa, a miƙa masa tawul a ce ruwa ya yi, a lokacin da aka saba kullum.

Ƙwararren zai duba gidan kansa, domin giya takan lalata jijiyoyin ƙafafu har mutum ya daina jin ƙasa sosai, ta kuma raunana sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya. Za a so haske a hanyar banɗaki da dare, da abin riƙewa da kujerar zama a wurin wanka, da takalmi mai kama ƙafa, a kuma kawar da wayoyi da shimfiɗun da ake harɗewa da su. Tuƙi sai likita ya amince, kuɗi masu yawa kuma a sami amintacce ya riƙe, a bar masa ɗan abin da zai riƙa kashewa domin mutuncinsa.

Rediyon da kika ambata kamar a wucewa, shi nake so ki fara gaya wa ƙwararren. Giya ta cinye wa Baba sa'o'i masu yawa a kowace rana shekara da shekaru, yanzu waɗannan sa'o'in suna nan fayau, kuma mutumin da ba ya tuna wahalar da ya sha a asibiti ba ya iya tsoratar da kansa da ita idan sha'awa ta motsa. Shawarwarin barin giya da aka saba bayarwa sun dogara ne ga mutum ya tuna abin da aka tattauna makon jiya, saboda haka ga irin Baba yini mai cike da abin yi da gidan da babu giya a cikinsa sun fi wa'azi tasiri. A ware masa tebur da kayan aikinsa, a riƙa kawo masa gyara mai sauƙi wanda ba a jona shi da wutar lantarki ba, a lokaci sananne, kuma a tsaya kafin ya gaji.

Abu biyu nake roƙon iyali su daina. Na farko jarrabawa, irin "ka gane ni?" da "me na ce maka ɗazu?", wadda ake yi da kyakkyawar niyya a zaton motsa ƙwaƙwalwa ce, alhali tana tilasta masa cinka ne, ta bar shi da ɓacin ran da zai daɗe bayan ya manta dalilinsa. Mai shigowa ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi. Idan ya ba da labarin da bai faru ba kuma babu cutarwa a ciki, ba sai an ƙaryata shi a gaban mutane ba, a karkatar da hirar kawai. Na biyu, yi masa komai saboda tausayi ko gaggawa, domin abin da aka daina yi yakan zube. Ke ma ki raba ɗawainiyar da yayyenki, kowa da ranarsa, tafiyar mai tsawo ce.

Tambaya: Ranka ya daɗe, yayana ɗan shekara 46 yana sha kullum, kuma bana mun lura yana yawan mantuwa, ga rama, ga rashin cin abinci. Mun yanke shawarar mu kulle shi a ɗaki na mako guda har giyar ta fita daga jikinsa, sannan mu nemi masu koyar da ayyukan yau da kullum. Hakan ya yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ku yi haka. Jikin da ya saba da giya kullum, idan aka yanke masa ita farat ɗaya, yana iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya a cikin kwana biyun farko, kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu yana iya shiga mummunan ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi da bugun zuciya, wanda yake kisa idan babu kulawar likita. A asibiti ake raba irinsa da giya, da magungunan da suke kwantar da jijiyoyi, tare da allurar tayamin, domin ƙwayar da ake haɗiya ba ta shiga jikin mai shan giya yadda ake buƙata a wannan mataki. Ku gaya wa likita gaskiyar yawan abin da yake sha ba tare da ragewa don kunya ba, musamman da yake ƙarin ruwa mai sukari ba tare da tayamin ba yana iya tayar da cutar ga wanda bitamin ɗinsa ya ƙare.

Kada ku jira sai alamomi sun cika. A wani bincike da aka yi a Ostareliya aka kuma wallafa a 1986, an duba mutum 131 da aka tabbatar da cutar Wernicke a ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa, aka tarar kashi 80 cikin ɗari ba a gano ta suna raye ba, kuma kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka nuna alamomin nan uku a tare. Ƙarancin shekarunsa ma ba kariya ba ne, domin wani babban bincike na asibitocin Faransa da ya fito a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda cutar mantuwa ta kama kafin shekara 65 suna da alaƙa da shan giya mai yawa. Idan ya ruɗe, ko tafiyarsa ta sauya, ko yana gani bibbiyu, ku kai shi a ranar. Likita zai kuma duba hantarsa, ya tabbatar babu jinin da ya taru a cikin kai sakamakon faɗuwa, tun da duka biyun suna kawo mantuwa kuma kowanne da maganinsa.

Masu koyar da ayyukan yau da kullum suna iya fara ganinsa tun yana kwance, su taimaka masa da wanka da sutura da tsarin yini, amma cikakken gwajin ƙwaƙwalwa akan jinkirta shi har sai ya yi kamar wata biyu bai sha ba, saboda yawancin ruɗewar makonnin farko takan washe da kanta. Kafin a sallame shi, ku nemi a rubuta muku ranar da zai koma a yi wannan gwajin, da adadin tayamin da zai ci gaba da sha a gida.